Kunne Ke Gaba: Yadda Ake Dawo wa Fiyano da Muryarsa a Birnin Zazzau

Da hantsin wata Alhamis, a tsakiyar hunturu, wani saurayi ya tsayar da babur a ƙofar wani ɗan shago da ke gefen hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta nufi Babban Dodo. A bayan babur ɗin akwai wani dogon ƙunshi, an naɗe shi da tsohon zani an ɗaure da roba. Ya kwance shi a hankali, ya rungumo shi kamar mai kai marar lafiya asibiti, ya yi sallama ya durƙusa.

"Baba, barka da hantsi. Yaya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, ɗana. Lafiya dai?"

"Fiyanona ne ya daina magana. Ga shi gobe bayan Juma'a ina da kamu a Tudun Wada, na riga na karɓi kuɗin mutane."

Mai shagon dattijo ne mai furfura jefi-jefi, tabarau a ƙarshen hanci. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ajiye shi nan mu ji."

Ina zaune a kan benci ina jiran a duba mini rediyona, sai kalmar nan ta tsaya mini a rai. "Mu ji," ya ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma yinin da na yi a shagon nan ya nuna mini wata sana'a da ji ke shiga gaba, gani ya biyo shi, hannu kuwa ya zo a ƙarshe.

Abin da muke kira fiyano a yau na lantarki ne: dogon akwati na roba mai maɓallai 61, farare 36, baƙaƙe 25, a cikinsa an adana muryar ganga da sarewa da goge da wasu ɗaruruwa. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi samfurin PSR na kamfanin Yamaha, kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999 kuma ya game ƙasar Hausa, fiyano ya samu gindin zama. Ya shiga gidan biki, ya shiga hannun masu bege, yana nan a coci-cocin Wusasa da Sabon Gari. Akasarinsu na hannu ne, 'yan kwatano, sun ci rabin ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su zo su gamu da ƙurarmu da zafinmu da janaretanmu. Abin da ke irin wannan rayuwa kuwa dole ya nemi likita.

Dattijon bai ko kalli sukundireba ba. Sai ya kira yaronsa, wani ɗan shekara goma sha bakwai da ya yi wata shida a shagon, ya ce ya tsaya ya saurara. Sannan ya shiga tambayar mai fiyano. Yaushe ya fara? Farat ɗaya ya ɗauke, ko ya daɗe yana shaƙewa? Da wutar layi kake aiki ko da janareta? Ya taɓa faɗuwa? Wani ya taɓa buɗe shi? Saurayin ya ce shekaranjiya ne a wurin wani biki wani yaro ya yi tuntuɓe da wayar da ta tashi daga bayan fiyanon zuwa amfilifaya, ya fizge ta, tun daga nan shiru. Dattijon ya ɗan dubi yaronsa ta saman tabarau, bai ce komai ba. Ya sallami saurayin, ya ce ya dawo kafin magariba.

Teburin aikin bai fi tsawon tabarmar salla ba, amma kowane abu da mazauninsa. Ga mita, 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, masu tsini a baki. Tambaya uku ake yi mata: ƙarfin wuta nawa ne a nan, wato bolt, wannan hanya nawa take tare wuta, wato om, sannan nan da can a haɗe suke ko a yanke? In a haɗe suke, sai ta amsa da wata siririyar ƙara. Ga ayan, ƙarfen nan mai zafi da ake narka dalma da shi. Dalmar ma ba zalla ba ce: zare ne mai laushi, kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, a cikinsa akwai wani ƙaro da ke wanke wurin da za a liƙa. Ga ɗan famfon zuƙe tsohuwar dalma, ga madubin ƙara girma, ga tsohon buroshin haƙori, ga kwalbar sifirit da ƙullin auduga. Sai abubuwa uku da na ɗauka shara ce: batir guda ɗaya, tsinken tsire, da wani ƙwan lantarki irin na da, a maƙale jikin katako. Kafin yamma kowannensu ya ba ni kunya.

"Ka taɓa zuwa lambun bakin Galma da rani?" ya tambayi yaron.

"Na taɓa, Baba."

"In mai lambu ya tarar da fangali ɗaya ya bushe, gonar duka yake tonewa?"

"A'a. Magudana yake bi har ya ga inda ruwan ya tsaya."

"To, shi ke nan aikinmu."

Sauti ma da magudanarsa. Wuta tana shigowa daga adafta. Yatsa ya danna maɓalli, maɓalli ya kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, wato babban aisi, wannan baƙin abu mai ƙafafu da yawa kamar shanshani. Ƙwaƙwalwa ta ɗauko muryar da aka zaɓa ta fitar da ita siririya kamar raɗa. Raɗar ta ratsa ta bolum, maƙunnin ƙarawa da ragewa, ta isa amfilifaya ta samu ƙarfi. Sifika ta mai da ƙarfin motsi, motsi ya kaɗa iska, iska ta kaɗa dodon kunne. Zango biyar ke nan: wuta, maɓalli, ƙwaƙwalwa, amfilifaya, sifika. Duk ciwon da zai kama sautin fiyano yana ɗaya daga cikinsu, ko a hanyar da ta haɗa biyu. Aikin mai gyara shi ne ya yi ta wanke zango-zango daga zargi har saura ɗaya.

Daga bakin rijiya ake farawa. Yaron ya murɗa mita zuwa awon bolt, ya zura tsinin ja a ramin bakin adafta, ya ɗora baƙin a gefensa. Mita ta nuna 12 da 'yan kai. Daidai. Dattijon ya sa shi ya lanƙwasa wayar nan da can yana kallon lambar, domin waya takan karye a cikin rigarta, musamman a wuya, ido bai gani ba. Lambar ba ta motsa ba. Sai ya nuna masa wani ɗan zane a jikin adaftar, mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Ƙananan fiyanon Yamaha bolt 12 suke ci, tarawa a tsakiya. Tsofaffin Casio da yawa kuwa bolt 9 ne, ɗebewa a tsakiya. Bakin zai iya shiga lafiya lau, amma wutar ta shiga a juye. Shi ya sa aron adafta a wurin biki, cikin duhu da gaggawa, ba ƙaramar ɓarna yake jawowa ba.

Aka kunna. Gilashin gaba ya kawo haske, lambobi suka fito, in an danna maɓalli alama ta motsa. Wuta na nan, maɓallai na kai saƙo, ƙwaƙwalwa a farke take. Zango uku sun fita daga zargi ba a kwance sukuru ko ɗaya ba.

Dattijon ya sunkuya ya kara kunne a ragar sifika. Ya ce shiru ma iri-iri ne. Lafiyayyar amfilifaya, ko ba a kaɗa komai ba, tana wani ɗan huci siriri da sai ka kai kunne za ka ji. In babu ko wannan, to, sifika ba ta samun komai ke nan. Daga nan ya shiga jera wa yaron harshen da kayan sauti ke kai ƙara da shi. In ka murɗa bolum ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, ƙura ce ta kwanta a kan hanyar baƙin kabon da ke ciki. In murya tana fita lafiya a ƙasa, amma da an ƙara sai ta shaƙe ta fashe, ko wuta ta gaza, ko takardar sifika ta yage, ko naɗin wayar da ke cikinta yana gogar maganaɗisu. In sauti na zuwa yana ɗaukewa, ka buga gefen akwati ya dawo, wata dalma ce ta tsage. In kuwa gunji ne mai kauri, zuuu, ba ya hawa ba ya sauka, wannan muryar wutar layi ce ta kutso inda ba a gayyace ta ba.

"To, wannan fa? Me ka gani?"

Yaron ya amsa da sauri: "Aisin amfilifaya ne ya ƙone, Baba."

"Wa ya gaya maka?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na bar ka, da yanzu kana kan hanyar Sabon Gari neman aisi, ka dawo ka cire lafiyayye ka sa sabo, fiyano na nan bebe. Miƙo abin kunne."

Ya zura bakin abin kunnen a ramin bayan fiyanon, ramin nan dai da aka fizge waya daga cikinsa, ya sa wa yaron a kai, ya danna maɓalli. Idon yaron ya buɗe. Akwai sauti, amma a kunnen dama kaɗai. Dattijon ya ɗan tura bakin gefe da yatsa, sai na hagu ma ya kawo. Ya saki, ya ɗauke. Wannan gwaji na daƙiƙa goma ya raba magudana biyu: duk abin da ke gaban ramin lafiya yake, ciwon yana ramin ko abin da ke bayansa. A cikin ramin nan, wanda masu gyara ke ce wa jak, akwai wasu 'yan harsunan ƙarfe. In ba a zura komai ba, harshe na taɓa ɗan'uwansa, sauti ya wuce sifika. In aka zura, harshen ya ɗaga, sifika ta yi shiru. Da zarar harshen ya lanƙwashe, ko ya yi datti, ko ƙafarsa ta rabu da fanel, wato allon cikin da ake liƙa kayan lantarki a kansa, sai fiyano ya zauna kamar har yanzu da abin kunne a jikinsa.

Sai yanzu aka ɗauki sukundireba. Aka zare wuta, aka shimfiɗa bargo, aka kifar da fiyanon a kai don kada maɓallai su ji ciwo. Yaron na kwance sukurori yana jera su a kan kwali daidai yadda suke a jiki, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo kuwa in ya shiga ramin gajere yakan huda abin da ke ƙarƙashi. Murfin ba a ɗaga shi gaba ɗaya. Buɗe shi ake yi kamar littafi, saboda akwai faffaɗan wayoyi sirara da suka haɗa sama da ƙasa. Kafin a zare ko ɗaya, dattijon ya sa yaron ya ɗauki hoto da wayarsa. Ya ce su a zamaninsu da fensir suke zanawa a bayan kwalin sukari.

Daga nan sai ido da hanci. Ƙura ta kwanta ja wur a kan koren fanel, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙwan kyankyaso a lungu. Aka share da buroshi. Dattijon ya shinshina: abin lantarki in ya ƙone yana barin wani ƙauri mai ɗaci da ba ya ɓoyuwa. Babu. Ya dubi kondansoshi, waɗannan 'yan gwangwanaye da ke tara wuta su sake ta a hankali. Lafiyayya kanta a shafe yake, marar lafiya kan kumbura ko ta yi yoyo. Duk lafiya.

Batir ɗin nan ya fito. Aka zare waya ɗaya daga sifika, aka taɓa ƙafafunta biyu da batir mai bolt 1.5. Ƙwas! Takardar ta yi tsalle ta koma. Ta biyun ma haka. Sifika biyu sun wanku. Sai tsinken tsire. Aka mai da wuta, tunda bolt 12 ba ya cutar da mutum, yaron ya danne maɓalli ɗaya, dattijon ya riƙa taɓa abubuwan da ke kan fanel ɗaya bayan ɗaya da tsinken, don itace ba ya ɗaukar wuta. Yana danna jikin jak, shagon ya cika da sauti. Ya ɗage, ɗif. Aka juya fanel ɗin, aka kawo madubi. Nan na ga abin da ya hana saurayi barci kwana biyu: wani zobe siriri kamar gashi, ya zagaye ƙafa biyu na jak ɗin, inda dalma ta tsage lokacin da aka fizgi waya.

"Kai za ka liƙa," in ji dattijon.

Liƙin dalma aiki ne na daƙiƙa uku, amma koyonsa na watanni ne. Dalmar nan tana narkewa a wajen digiri 190, bakin ayan kuwa yakan wuce 300. Da farko a goge bakin a jikin jiƙaƙƙen soso, a ɗan shafa masa sabuwar dalma har ya yi ƙyalli, domin baƙin baki ba ya miƙa zafi. A narka tsohuwar, a zuƙe ta da famfo. Sannan a ɗora bakin ayan yadda zai taɓa ƙafar da kuma zoben tagullar fanel lokaci guda. A kawo zaren dalma ta ɗaya gefen, a taɓa ƙafar da shi, zafin ƙafar ne zai narka shi ya malale. A janye zaren, sannan a janye ayan. Kada a hura, kada a motsa. Kyakkyawan liƙi yana fitowa da sheƙi, da siffar jinkar ɗaki, faɗi a ƙasa tsini a sama. Mummuna kuwa dunƙule yake, dusu-dusu, ya hau kan ƙafar bai kama ta ba. In aka daɗe da ayan a wurin, siririn layin tagulla ya ɓamɓaro daga fanel, an je gyaran gira an tsone ido.

Hannun yaron na rawa. Na farko ya fito kamar kashin akuya. Dattijon bai yi faɗa ba, famfo kawai ya miƙa masa. Ya zuƙe, ya goge baki, ya ja numfashi, ya kau da fuska daga hayaƙin, ya sake. Wannan karon dalmar ta malale ta zauna tsaf. Ya bi sauran ƙafafun jak ɗin duka, har waɗanda ba su tsage ba tukuna, domin fizgar da ta karya biyu ta girgiza saura. Aka kunna. Fiyano ya yi magana.

Na zaci an gama. Dattijon ya ce a bi maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, kowanne a taɓa shi a hankali, sannan da ƙarfi. A tsakiya aka tarar da biyu masu laifi. Ɗaya ko yaya ka lallaɓa shi sai ya kurma ihu. Ɗayan kuwa sai ka danna sau uku ya amsa sau ɗaya.

A nan na ga dabarar da ta fi ba ni mamaki. Ƙarƙashin maɓallai akwai dogon layin roba mai 'yan kofuna, kowane maɓalli da kofinsa, a cikin kowane kofi akwai baƙaƙen ɗigo biyu na kabon, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. In ka danna, dogon ne ke fara taɓa fanel, gajeren ya biyo baya. Ƙwaƙwalwa ba ta san ƙarfin yatsa ba. Ratar lokacin da ke tsakanin taɓawa ta farko da ta biyu take aunawa. In ratar gajera ce, ta san an buga da ƙarfi, sai ta ɗaga murya. In doguwa ce, ta sassauta. To, in ƙwayar ƙura ta tare ɗigo na farko har ya makara ya iso tare da na biyu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka an kai wa maɓallin duka. In na biyun ne ya toshe, shiru. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya ta isa ta sa makaɗi ya ji kunya a gaban amarya.

Maganin kuwa auduga ce da sifirit. Aka ɗaga robar, bayan an yi mata alama don kada a mai da ita a juye. Aka shafa ɗigon a hankali, aka shafa mazauninsu a fanel, aka bari ya bushe. Ba a kankarewa da reza, domin kabon ɗin fatar sama ce kawai, in ta tafi ta tafi. Aka mai da 'yan ƙafafun robar ramukansu da tsinke, ɗaya-ɗaya. Dattijon ya ƙara wa yaron wani karatu: in matattun maɓallai sun zo a jere, ko suna tsallake da ƙidaya iri ɗaya, kada ka ɓata sifirit. Ƙwaƙwalwa ba ta da waya 61. Kamar gidan dara abin yake, layi 5 ta nan, layi 6 ta can, sun ba ka rami 30. In ramukan layi guda suka mutu tare, layin ne ya yanke, sai ka nemi waya ko hanyar tagulla.

Bayan azahar wani mai ba da hayar kayan sauti ya turo amfilifaya a baro, irin ƙatuwar nan mai nauyin buhun siminti rabi. Fuskar dattijon ta sauya. Ya ce wa yaron ya cire agogo, ya sa takalmi, ya ja baya kaɗan. Wannan ba bolt 12 ba ne. Wutar layi bolt 230 ce ke shiga cikinta kai tsaye, manyan kondansoshinta kuma suna riƙe wuta ko bayan an zare soket, sai an sauke ta da gangan, an auna da mita an tabbatar. In zai auna wuri mai wuta, hannu ɗaya yake sawa, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirji.

Ya ciro fis, sai ga shi an naɗe shi da zaren waya. Ya girgiza kai. Fis maigadi ne da aka ajiye don ya mutu a madadin gida. Wanda ya ɗaure shi da waya ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Ya tambayi mai kayan sifika nawa ya jona. Ya ce huɗu a gefe ɗaya, don taron ya yi yawa. Dattijon ya sa yaron ya yi lissafi da baki: sifika mai om 8, in aka jona biyu kafaɗa da kafaɗa sun koma 4, in huɗu ne sun koma 2. Om na raguwa, wutar da ake ja na ƙaruwa, taransistoci na ɗaukar zafi har su narke a ciki. Jaki ɗaya aka ɗora wa kayan huɗu. Mita ta tabbatar: biyu daga cikin manyan taransistocin, masu lamba 2SC5200 da 2SA1943, waɗanda ke aiki bibbiyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sun haɗe ƙafafu. Ya canza su, ya duba ƙananan da ke tura su da razistocin da ke kewaye, domin gobara ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Ya shafa musu farin man da ke miƙa zafi ga ƙarfen sanyaya, ya ɗaure gam. Ya ce a wannan kasuwa jabu sun yi yawa, lamba ɗaya, fuska ɗaya. Ya fasa wata tsohuwar jabu da filaya ya nuna wa yaron ƙwayar cikinta, 'yar mitsitsiya, ko rabin ta gaske ba ta kai ba.

Sai ƙwan nan na jikin katako. An jona shi ne yadda duk wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta ratsa ta cikinsa. In akwai sauran ɓarna a ciki, ƙwan zai haska fayau ya tsaya, ya shanye wutar, sababbin kaya su tsira. In lafiya, zai yi walƙiya sau ɗaya ya lafa. Sai ƙwai mai zare irin na da, ɗan wat 100, ke wannan aiki, na zamani ba ya yi, shi ya sa dattijon ke ɓoyon nasa kamar kuɗi. Aka kunna. Ya haska, ya lafa. Kafin a jona sifika, ya auna bakin fita ya tabbatar babu tsayayyar wuta a wurin, don ita ce ke gasa naɗin sifika cikin ƙiftawar ido.

Sauti ya fito, amma da gunji a ƙarƙashinsa. Dattijon ya karkata kai ya saurara. Sai ya miƙa hannu kan fiyanon da aka gama gyarawa, ya ƙirga fararen maɓallai daga hagu, ya danna na biyar. Muryar maɓallin da gunjin suka kusan zama ɗaya. Wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. In gunjin na 50 ne, mai zurfi, a nemi wayar makirfo ko ta jona da ragarta ta tsinke. In ya ninka ya zama 100, daga cikin gidan wutar amfilifayar yake, kondansa ce ta gaji da tace wuta. Maɓalli na biyar kuwa yana kaɗawa sau 98 a daƙiƙa. Da kunne da yatsa ɗaya ya gano zangon. Aka duba, sai ga ɗaya daga cikin manyan gwangwanayen ta kumbura. A jikinta an rubuta digiri 85. Ya ce zai sa mai 105, domin masu wannan ilimi sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan kondansa biyu, zafin bazarar Zazzau kuwa a cikin rufaffen akwatin ƙarfe ba wasa ba ne.

Da la'asar na tambayi yaron yadda ya fara. Ya ce wata biyu na farko bai taɓa kayan kowa ba. Shara yake yi, da ware sukurori, da cire kaya daga matattun fanel yana zubawa a gwangwanin madara, kowane iri da nasa. Da haka hannunsa ya saba da ayan, idonsa ya saba da lambobi. Sannan aka ba shi gyaran wayoyin makirfo, sannan rediyo. Ya nuna mini wani littafi mai bangon shuɗi: kowane aiki da layi uku, abin da mai kaya ya ce, abin da aka zata, abin da aka tarar. Na ga ya rubuta na yau, bai ɓoye kuskurensa na aisi ba. A tsallaken titi, a gindin wata bishiyar darbejiya, sa'o'insa biyar na zaune a kan benci tun hantsi. Inuwa ta matsa, sun ja benci sun bi ta, sau uku na ƙirga. Dattijon bai taɓa ambatonsu ba, yaron ma bai ɗaga kai ya duba ba.

Sunan da ke rubuce a gaban fiyanon nan ma daga teburin gyara ya taso. A 1887, a garin Hamamatsu na ƙasar Japan, aka kira wani mai gyaran agogo da kayan asibiti, Torakusu Yamaha, ya duba wani abin kiɗa mai iska da ya lalace a wata makarantar firamare. Ya buɗe, ya gane yadda yake aiki, ya gyara, sannan ya ƙera nasa. Birnin Zazzau kuwa ba baƙon girmama irin waɗannan hannaye ba ne. Ba nisa da shagon nan Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Garin da ya mai da gwaninta sarauta ya san cewa ba a gadonta a kwance.

Kafin a rufe fiyanon, aka bar shi a kunne rabin awa yana kaɗa kansa, domin wani ciwon sai jiki ya ɗumama yake fitowa. Aka mai da sukurori, kwalin ya koma fes, ba saura ko ɗaya. Saurayin ya iso rana na shirin faɗuwa, ya ɗora yatsu, ya saki wani kiɗa da ya sa masu wucewa waiwaye. Dattijon ya ce masa abu uku: ka riƙa lulluɓe shi da zani in ka gama, ka ɗaure waya a ƙafar tebur kafin ka zura ta, kada kuma ka yi aron adafta. Ya biya, ya yi godiya har da durƙuso, ya tafi.

Dattijon ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ya hango ni. "Af, Malam, mun shanya ka. Yaro, duba wa Malam rediyonsa."

Na miƙa. Hannun yaron ya nufi sukundireba, ya kai rabi, ya tsaya. Ya dawo da shi, ya kunna rediyon, ya kara shi a kunne, ya murɗa bolum a hankali sama da ƙasa. Can ya ɗago ya dube ni.

"Malam, yaushe ya fara?"